Gundumar da ta fi kashe kuɗi ita ce ɗalibanta suka fi faɗuwa: yaya makarantun gwamnati ke tafiya a Amurka?

Tambaya: Na tare da iyalina a jihar New Jersey ta Amurka, ina neman gidan haya, kuma an ce mini adireshin gida ne ke yanke makarantar da yara za su shiga. Na duba gundumomin makarantu biyu masu maƙwabtaka. Ta cikin birni ta fi kashe kuɗi a kan kowane ɗalibi, amma ɗalibanta sun fi faɗuwa a jarrabawar jiha. Ta bayan gari ba ta kai ta kashewa ba, kuma ita ce a sama. Wa ke riƙe da makarantun nan, daga ina kuɗinsu ke fitowa, kuma idan kuɗi ba ya kawo karatu, me ke kawo shi?

Amsa: Malam, lambobi biyun nan da ka ɗora a sikeli, kuɗin kowane ɗalibi da yawan waɗanda suka ci jarrabawa, su ne suka fi ruɗin iyaye a harkar makarantun Amurka. Babu ƙarya a cikinsu, sai dai ba abin da kake zato suke aunawa ba. Ta farko rabinta nauyin talaucin ɗalibai take nunawa. Ta biyu kuwa ta fi ba ka labarin gidajen da yaran suka fito a kan labarin ajin da suke zaune.

Mu fara da masu riƙe da akala. Gwamnatin tarayya da ke Washington kusan ba ta da hannu a gudanar da makarantun firamare da sakandare. Ilimi haƙƙin jiha ne, jiha kuma ta sakar wa gundumomi aikin yau da kullum. Akwai irin waɗannan gundumomi kusan 13,000 a ƙasar. New Jersey, duk da ƙanƙantarta, tana da kusan 600, alhali jihar Hawaii gaba ɗayanta gunduma ɗaya ce tal. Kada ka kwatanta da abin da aka sani a Najeriya, inda sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yake sauraron hukumar SUBEB ta jiha, kuɗi kuma daga sama yake gangarowa. Gunduma a nan ƙaramar gwamnati ce mai zaman kanta: tana da iyaka a taswira, tana da kasafinta, ita ke ɗaukar malamai, kuma a mafi yawan jihohi tana da hannu a harajin da mazauna ke biya.

Kwamitin gunduma ne ke mulkinta, galibi mutum biyar zuwa tara, zaɓaɓɓu, kuma a New Jersey ba a biyansu ko sisi. Aikinsu na ainihi bai wuce biyar ba: su ɗauki sufuritanda, wato shugaban gunduma, su sallame shi idan ya gaza, su amince da kasafi, su kafa dokokin gunduma, su sa hannu a yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai. Sufuritanda shi ke naɗa shugabannin makarantu ya kuma tafiyar da komai. Matsala tana farawa ne idan 'yan kwamiti suka fara tsoma baki a wa za a ɗauka aikin gadi, wa za a ba kwangilar motocin ɗalibai. A garin da masana'antu suka mutu, gundumar makarantu sau da yawa ita ce ta fi kowa ɗaukar ma'aikata, don haka kujerar kwamiti takan zama hanyar raba aiki ga 'yan siyasa. Abin da ke ƙara ba da dama shi ne mutane ba sa fitowa zaɓen. A Newark, wani birni na New Jersey, inda ake zaɓen kwamiti mai mutum tara a watan Afrilu, an sha yin shekarar da masu jefa ƙuri'a ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu rajista ba. Wanda ya iya tara mutum dubu biyu ko uku ya samu kujerar da ke duba kasafin sama da dala biliyan ɗaya. Wasu birane sun gwada ɗauke iko daga kwamiti su damƙa wa magajin gari, kamar Chicago a 1995 da New York a 2002. Wasu wuraren kuma jiha ce ke ƙwace gundumar, kamar yadda New Jersey ta yi wa Newark a 1995, Texas kuma ta yi wa Houston a 2023.

Kuɗi kuwa daga rijiya uku yake fitowa. A lissafin ƙasa baki ɗaya, kusan kashi 45 cikin 100 daga harajin gari ne, kusan haka daga jiha, sauran ɗan abin da bai kai kashi 10 ba daga tarayya, ban da shekarun korona da tarayya ta zuba kusan dala biliyan 190 na agaji, wanda wa'adinsa ya ƙare a 2024. A shekarar kuɗi ta 2022 matsakaicin abin da aka kashe wa ɗalibi ɗaya ya ɗan haura dala 15,600. Jihar New York ta kusa 30,000, Utah da Idaho ba su kai 10,000 ba.

Harajin gari kusan dukkansa harajin gida da fili ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Ana ƙiyasta darajar kowane gida, shago da masana'anta, a sa wani kaso a kai duk shekara. Ko haya kake yi kana biya, mai gida ya riga ya cusa shi a kuɗin hayar. Garin da ke da manyan gidaje da kantuna zai sa haraji kaɗan ya tara da yawa. Garin talakawa zai matse kansa ya tara abin da bai taka kara ya karya ba. Misalin da ya shiga tarihi shi ne na birnin San Antonio a Texas. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, gundumar Edgewood, ta talakawa 'yan asalin Meziko, darajar kadararta a kan kowane ɗalibi dala 5,960 ce, harajinta kuma dala 1.05 a kan kowace 100, mafi tsada a yankin. Bayan an cire kason da doka ta ɗora mata a asusun jiha, dala 26 kacal ta iya ƙara wa kowane yaro. Maƙwabciyarta Alamo Heights, mai kadarar sama da dala 49,000 a kan ɗalibi, santi 85 take karɓa a kan 100, amma ta ƙara dala 333. Da aka haɗa da na jiha da na tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights da 594. Iyaye suka kai ƙara, a 1973 Kotun Ƙoli ta tarayya, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce tsarin mulkin Amurka bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunta ba. Tun daga nan shari'ar kuɗin makaranta ta koma kotunan jihohi.

Kai kuma ka faɗo jihar da ta fi yawancinsu nisa a wannan shari'a. A ƙarar Abbott, wadda aka shigar a 1981, Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke a 1990 cewa dole a kai kuɗin gundumomin biranen talakawa matsayin na gundumomin masu hali. A 1998 ta ƙara da tilasta buɗe azuzuwan share fage ga 'yan shekara uku da huɗu. Gundumomi 31 ne suka shiga wannan rukuni, har da Newark, Camden, Paterson da Trenton. A 2008 jiha ta kafa sabuwar dokar rabon kuɗi mai bin kowane ɗalibi da nauyinsa. Abin da ya sa ka ga birni ya fi bayan gari kashewa ke nan. A jihohi da dama akasin haka za ka gani.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Jiha tana sa farashin karantar da yaro ɗaya na firamare. Sai ta ƙara ɗan kaso idan ya shiga sakandare, ta ƙara kusan rabi idan daga gidan talaka ya fito, ta ƙara kusan rabi idan Turanci ba harshensa ba ne. Ta tara jimla, ta cire abin da ta ga garin zai iya tarawa gwargwadon kadararsa da kuɗin shigar mutanensa, ta biya saura. A ce farashin yaro ɗaya dala 12,000 ne. Gundumar da kashi 80 cikin 100 na ɗalibanta talakawa ne, matsakaicin bukatarta zai kai 16,800. Wadda talakawanta kashi 10 ne, 12,600 ta ishe ta. Ratar dala 4,200 da ke tsakani ba garaɓasa ba ce, kuɗin ƙarin aiki ne: malaman koyar da Turanci, masu ba da shawara, ma'aikatan jinya, darasin bayan tashi. Idan ka ga birni ya fi bayan gari da dala 2,000 kawai, to a zahiri birnin ne a baya.

Akwai kuma abubuwan da ke kumbura lambar ba tare da sun isa aji ba. Ɗalibi mai bukata ta musamman da aka tura makarantar ƙwararru a wajen gunduma, kuɗinsa da na motarsa na iya haura dala 100,000 a shekara. Dokar tarayya ta 1975 ta nuna tarayya za ta ɗauki har kashi 40 cikin 100 na ƙarin kuɗin irin waɗannan yara, amma abin da take biya bai kai kashi 15 ba, gunduma ke cike gibin daga tukunyar kowa. Sai makarantun cata, waɗanda ake biya da kuɗin gwamnati amma wata ƙungiya ce ke tafiyar da su bisa yarjejeniya. A Newark kusan yaro ɗaya cikin uku can yake, kuma kuɗinsu ta kasafin gunduma yake bi ya wuce, ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara. Wanda ya raba dukan kasafin da yawan yaran makarantun gunduma kaɗai ya yi lissafin banza. Sannan idan yara uku suka bar aji mai 25, kuɗinsu ya bi su, amma albashin malamin bai ragu ba, kuɗin ɗumama tsohon gini da sanyi ma bai ragu ba.

To, kuɗi na kawo karatu? Masu cewa a'a suna da hujjarsu, kuma babbarta Kansas City ce ta jihar Missouri. Daga 1985 wani alƙalin tarayya, Russell Clark, ya tilasta kashe kuɗi don kawar da wariyar launin fata a makarantun birnin. Cikin shekara goma sha biyu aka kashe kusan dala biliyan biyu, aka gina sababbin makarantu, har da wurin ninkaya irin na gasar Olamfik da ɗakin kallon taurari. Sakamakon jarrabawa bai motsa yadda aka yi fata ba, a 2000 ma jiha ta janye wa gundumar shaidar inganci. An gyara gini, ba a taɓa abin da ke faruwa tsakanin malami da ɗalibi ba. Amma binciken da Kirabo Jackson, Rucker Johnson da Claudia Persico suka wallafa a 2016 ya bi yaran da kotuna suka ƙara wa gundumominsu kuɗi har suka girma. Ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a duk shekaru goma sha biyun karatu ya ba ɗan talaka ƙarin kusan rabin shekara na karatu da ƙarin albashi kusan kashi 10 cikin 100 da ya girma. Kuɗin nan a rage cunkoson aji, ƙarin albashin malamai da tsawaita lokacin karatu ya tafi. Bambancin da Kansas City a fili yake: abin da aka saya da kuɗin, da kuma ɗorewarsa shekara da shekaru.

Newark ta nuna gefen mulki na maganar. A Satumban 2010 Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya yi alkawarin dala miliyan 100, aka nemo wasu miliyan 100 daga wasu masu hannu da shuni, lokacin Cory Booker na magajin gari, Chris Christie na gwamna. Kuɗin ya cika kunne, amma ka raba miliyan 200 a shekara biyar ka auna da kasafin kusan biliyan ɗaya a shekara: kashi huɗu cikin 100 ne. Sama da miliyan 20 suka tafi ga ƙwararru masu ba da shawara, wani babban kaso ya tafi ga sabuwar yarjejeniyar malamai ta 2012, har da biyan bashin albashi. Babban kuskuren bai shafi kuɗi ba. Mutanen gari a talabijin suka ji labarin kyautar, gundumar kuma tana hannun jiha, kwamitinsu na shawara ne kawai. Da sufuritanda Cami Anderson ta kawo tsarin rufe wasu makarantu da sake rarraba ɗalibai a 2014, iyaye suka wayi gari an jefa 'ya'yansu makarantu masu nisa, wani lokaci wa da ƙane a wurare daban. Gari ya ɗau zafi, Ras Baraka, tsohon shugaban makarantar sakandare, ya ci zaɓen magajin gari a wannan shekara da adawa da tsarin, Anderson kuma ta sauka a 2015. Duk da haka ba a ce an yi ba a yi ba. Masu bincike na jami'ar Harvard sun gano a 2017 cewa bayan koma-baya na shekarun farko, ci gaban ɗalibai a Turanci ya ƙaru, na lissafi bai canja sosai ba, kuma fiye da rabin ribar daga komawar yara makarantun da suka fi inganci ta fito, ba daga gyaruwar makarantun da suke ciki ba. Iko ya fara komawa hannun gari a 2018, ya kammala a 2020, bayan shekara 25.

Misisipi kuwa, jihar da ke cikin mafi talauci, da kuɗi kaɗan ta yi abin da ya fi wannan. Dokarta ta 2013 ta sa a sake horar da malaman ƙananan azuzuwa a kan koyar da karatu ta hanyar haɗa sauti da baƙi, a tura masu koyar da malamai makarantun da suka fi rauni, a gwada yara sau uku a shekara, wanda bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku kuma ya maimaita tare da taimako na musamman. A jarrabawar ƙasa ta karatu ta 'yan aji huɗu, jihar ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019, ta shiga goman farko a 2024. Ana gardama a kan ko maimaita aji ya ƙawata lambar, amma abin lura shi ne abu ɗaya suka riƙe sama da shekara goma ba su sake shi ba. Gundumar da ke canja sufuritanda duk bayan shekara biyu, kowanne da sabon manhaja da sababbin littattafai, ba ta samun irin wannan.

Yanzu ga lambar jarrabawa. Tun dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2002, kowace jiha na gwada yara a Turanci da lissafi daga aji uku zuwa takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare. Abin da shafukan neman gida ke nuna maka shi ne kaso nawa suka haye layin ci. Ɗan likita da ya shigo aji ɗaya yana karatu zai haye layin ko malaminsa barci yake. Yaron da ya zo daga Yamai ko Kumasi bara ba ya jin Turanci, ya yi karatun shekara biyu a shekara ɗaya, har yanzu faɗuwa za a rubuta masa. Ma'aunin da ke nuna aikin makaranta shi ne na ci gaba, wato nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana idan aka kwatanta shi da waɗanda suka tashi daga maki ɗaya. Sean Reardon na jami'ar Stanford ya nuna a 2017 cewa ɗaliban Chicago, da ake yi wa kallon na baya, suna samun karatun kusan shekara shida a shekara biyar tsakanin aji uku da takwas, abin da ya fi na yawancin gundumomin masu kuɗi. Ka kuma yi hattara da makin da ya yi tsalle dare ɗaya. A Atlanta binciken jiha na 2011 ya samu malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai, a 2015 kotu ta kama goma sha ɗaya da laifi. Inda aka ɗaure albashi da kujerar mutum a maki kaɗai, irin haka kan biyo baya.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar haya, ka tabbatar da makarantar da adireshin ya faɗa, ta hanyar kiran ofishin rajista na gunduma, domin titi ɗaya kan rabu gida biyu. Sannan ka buɗe rahoton makarantar a shafin ma'aikatar ilimi ta jiha, na makarantar kanta, ba na gunduma ba, don a gunduma ɗaya akwai mai kyau akwai ta jeka-na-yi-ka. Ka duba makin ci gaba. A New Jersey daga 1 zuwa 99 yake, 50 ne tsakiya, abin da ya kai 60 makaranta ce mai aiki, abin da ya gaza 40 shekara biyu a jere abin tsoro ne. Ka duba na rukunin da ɗanka zai shiga, musamman masu koyon Turanci. Ka duba yawan masu fashi, wato waɗanda suka rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, kwana 18 cikin 180. Bayan korona wannan ya haura yaro ɗaya cikin huɗu a ƙasar, kuma makarantar da ta shawo kansa tana da shugaba na gari. Ka duba shekarun ƙwarewar malamai da shekara nawa shugaban makarantar ya yi a kujera. Wannan na da muhimmanci saboda tsofaffin malamai sukan nemi canji zuwa makarantu masu sauƙi, a bar sababbin hannu a inda aka fi bukatar gwanaye, ko da kasafin gunduma bai nuna ba. Dokar tarayya ta 2015 ta tilasta buga kuɗin kowace makaranta daban, a nan za ka gani.

Shekarar kuɗi daga 1 ga Yuli take farawa, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi tsakanin Maris da farkon Mayu. Zaman kwamiti a buɗe yake, kowa na iya magana na 'yan mintoci ko ba ɗan ƙasa ba ne. Amma jefa ƙuri'a a zaɓen kwamiti a New Jersey sai ɗan ƙasa. Kada wani ya ruɗe ka ka yi rajista, laifi ne da kan iya lalata takardun zama. Haka kuma kada ka ari adireshin ɗan'uwa don samun makarantar bayan gari. Gundumomi na da masu bincike, idan aka kama za a cire yaron a kuma iya bin ka kuɗin makaranta na duk kwanakin da ya yi.

Abin da doka ta ba ka kuwa ka riƙe shi da kyau. Hukuncin Kotun Ƙoli ta tarayya na 1982 ya hana a ƙi yaro saboda matsayin takardunsa ko na iyayensa, na 1974 kuma ya wajabta taimaka wa wanda ba ya jin Turanci. A fom ɗin rajista za a tambayi harshen gida. Ka rubuta Hausa, kada ka ɓoye, domin shi ke sa a gwada yaron a ba shi malamin Turanci, kuma ta nan gunduma ke samun ƙarin kuɗinsa. Kana da damar neman tafinta a taron iyaye ba tare da ka biya ba. Ka cike fom ɗin abincin rana na kyauta ko da yaron daga gida zai riƙa tafiya da abincinsa, domin da shi ake ƙidaya talakawa. New Jersey kuma a tsakiyar Oktoba take ƙirga ɗalibai don rabon kuɗin shekara mai zuwa, saboda haka idan yaran sun iso, ka sa su kafin lokacin.